Kare da ƙanƙara: yadda za ka ba shi ba tare da ya yi asarar haƙori ba

Da zarar bazara ta kankama aka fara sayen ƙanƙara ana jefawa a kula, duk mai kare a gida zai ga abu ɗaya. Guntu ya kuɓuce ya faɗi ƙasa, kafin a sunkuya kare ya cafke, ya koma gefe yana tauna garas-garas. Gobe da ya ji an buɗe kular zai zo ya tsaya yana kaɗa wutsiya. Daga nan tambaya take tasowa: lafiyarsa ƙalau kuwa? Kuma ba za ta yi masa illa ba?

Amsar a taƙaice ita ce, son ƙanƙara ba cuta ba ne ga kare, kuma ƙanƙarar da aka yi da ruwa mai tsabta ruwa ce kawai da ta daskare. Sanyinta ba ya kashe kare mai lafiya. Inda gizo ke saƙar shi ne taurinta, da girman guntun, da irin ruwan da aka yi ta da shi. Sai kuma abu na huɗu da mutane ba su cika kula da shi ba: wani lokaci karen da ya haukace a kan ƙanƙara yana gaya maka ne cewa wani abu na damunsa.

Dalilin son ba ɓoyayye ba ne. Kare ba ya gumi a jiki kamar mutum. Ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne, bai taka kara ya karya ba. Da haki yake rage zafi: ya zaro harshe, iska ta riƙa busar da damshin baki da maƙogwaro, jinin da ke wucewa ta wurin ya huce. Zafin jikinsa na yau da kullum ma ya ɗara namu, tsakanin digiri 38 ne zuwa 39 da ɗan ɗoriya. To ka ɗauki wannan dabba ka ajiye a Sakkwato ko Maiduguri ko Maraɗi a watan Afrilu, lokacin da zafin rana ke haura digiri 40, ka ga ko ba zai so abu mai sanyi a baki ba. Bayan zafi akwai son tauna, wanda yake jinin kare ne, da wasa da abu mai santsi da ke gudu a kan siminti, da ƙaiƙayin dasashi ga ɗan kwikwiyo.

Mataki na farko: duba karen kafin ka duba ƙanƙarar

Ba kowane kare ne ya dace a miƙa wa ƙanƙara mai tauri ba. Tsohon kare wanda haƙoransa suka zaizaye ko suka fara girgiɗa, da wanda dasashinsa ke jini, da ƙananan karnukan nan na cikin ɗaki irin su Lhasa, da masu gajeren hanci da ke munshari ko a farke suke, duk waɗannan a ba su niƙaƙƙiya ko ruwan sanyi kawai. Haka nan kare mai haɗama, wanda ba ya tauna komai sai dai ya haɗiye, ko kuma wanda aka san yana sarƙewa idan yana shan ruwa.

Ɗan kwikwiyo yana da haƙoran nono 28, sirara masu tsini, masu saurin karyewa. Daga wajen wata uku zuwa huɗu suke fara zubewa, kafin ya cika wata bakwai manyan haƙora 42 sun gama fitowa. A wannan tsakanin ne yake cinye takalma da gefen tabarma. Abu mai sanyi yana sauƙaƙa masa, amma ba dunƙulen ƙanƙara ba. Ka jiƙa tsumma mai tsabta, ka murɗe shi, ka sa a firiza ya yi ƙarfi, ka ba shi ya gurgura kana kallo. Da ya fara yayyaga zare sai ka karɓe, don zare a hanjin kare babbar matsala ce.

Yanzu ka duba bakin. Ka zaɓi lokacin da ya natsu, bayan ya ci abinci ya kwanta. Ba sai ka wage masa baki ba. Ɗaga leɓen sama kawai za ka yi ta gefe, ka ja shi baya har ka ga manyan haƙoran ciki. Abin da kake nema: haƙorin da ya ɓantare, ko ya tsage, ko launinsa ya sauya zuwa toka-toka ko ruwan hoda, da dasashi mai kumburi, da wari mai tsanani. Idan ka ga ɗaya daga ciki, maganar tauna ƙanƙara ta ƙare har sai likitan dabbobi ya gani. In kuwa karen gadi ne wanda bai saba da hannunka ba, kada ka gwada jarumta. Ka bar wa wanda ke ba shi abinci, ko ka bari sai ranar rigakafi likita ya duba.

Mataki na biyu: daga ina ƙanƙarar ta fito?

Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, ajiye yawancinsu kawai take yi har ruwan ya narke. Ƙanƙarar da ake sayarwa a bakin titi, musamman da azumi lokacin da ake rububinta, wata da ruwan leda ake yinta, wata da ruwan rijiya ko na 'yan ga-ruwa, kuma ta kwana cikin buhu ta bi hannaye da yawa. Da yawa daga masu saye ma don sanyaya lemo suke saye, ba don su sha ba. Dokar mai sauƙi ce: wadda ba za ka jefa a kofin da za ka sha ba, kada ka ba kare. Gaskiya ne karen gida yana shan ruwan kwata ya kwana lafiya, amma wannan ba hujja ba ce. Ɗan kwikwiyo da karen waje da aka saya da tsada ba su da wannan juriyar, kuma zawon kare a tsakar gidan da yara ke rarrafe ba abin wasa ba ne.

Akwai nau'i uku da ba a ba kare ko kaɗan. Na farko, ƙanƙarar da ake kankarowa a jikin firizar da ke ɗauke da ɗanyen nama ko kifi, musamman a inda wuta ke zuwa tana tafiya, abu ya narke ya sake daskarewa. Na biyu, jakunkunan sanyi masu kauri kamar koko a ciki, irin waɗanda ake sa wa a akwatin magani. Ba ruwa ba ne zalla, kuma wasunsu na ɗauke da sinadari mai lalata ƙoda. Na uku, busasshiyar ƙanƙara mai fitar da hayaƙi, wadda daskararriyar iskar kabon ce. Sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili, tana ƙona baki da maƙogwaro nan take.

Sai leda. Kare ba ya bambance ƙanƙara da ledar da aka ƙulle ta a ciki. Ka yage ledar gaba ɗaya ka jefa a shara kafin ka ba shi, don ƙanƙara za ta narke a ciki, leda ba za ta narke ba.

Idan kana da firiza, abin da ya fi shi ne ka yi taka. Kana iya sa ɗanɗano: romon kaza ko na nama da aka dafa zalla, aka kwashe kitsen sama, aka sirka da ruwa. Zalla nake nufi. Romon tukunyar gida bai dace ba, saboda albasa da tafarnuwa suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, ga gishiri da magi da yaji. Kankana da aka cire wa 'ya'ya da ɓawo, ko karas, ko ɗan ayaba, duk suna daskarewa da kyau. Inabi da zabibi suna iya kashe ƙodar kare. Cakulan, kofi, shayi da goro ba nasa ba ne. Haka alawa da cingam marasa sukari da ake zaƙaƙa su da sinadarin zailitol, wanda ɗan kaɗan daga cikinsa ke faɗar da sukarin jinin kare. Ƙanƙarar zoɓo da ta lemo da yara ke tsotsa, sukari ne tsantsa, a bar wa yaran.

Ka ware masa kwanonsa da robar daskarar da ruwansa daban, kada su haɗu da kayan kicin. Wannan tsabta ce, kuma yana ɗauke wa mutanen gida damuwar maganar yawun kare a kwano.

Mataki na uku: rage mata girma da tauri

Nan ne ainihin maganar, don haka zan ɗan daɗe.

Mutane suna ganin kare na fasa ƙashi sai su ɗauka haƙorinsa ƙarfe ne. Muƙamuƙinsa ne mai ƙarfi, haƙorin kuwa ba haka ba. Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙorin kare bai kai kaurin milimita ɗaya ba, ya fi na mutum siranta nesa ba kusa ba. A ƙarƙashinsa akwai wani sashe mai ɗan laushi, a tsakiya kuma akwai rami mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini. Ƙarfin cizo mai yawa a kan ɓawo siriri, shi ya sa karyewar haƙori take cikin abubuwan da likitocin dabbobi suka fi gani a bakin kare.

Haƙorin da ya fi shan wahala shi ne babban nan na sama, can ciki, daidai ƙarƙashin ido. Shi da takwaransa na ƙasa suna wuce juna ne kamar bakin almakashi, aikinsu yanka nama. Idan kare ya sa abu mai tauri a tsakaninsu ya danna, abin bai ba da kai ba, sai gefen haƙorin na sama ya ɓare, falle guda ya tashi. Wani lokaci fallen yana nan maƙale da dasashi, sai ka duba da kyau za ka gani. Idan ɓarewar ta kai ramin tsakiya, jijiya ta fito fili, ƙwayoyin cuta su bi ta nan su gangara saiwa. Bayan makonni ko watanni sai ka ga kumburi a ƙarƙashin idon kare, ya fashe ya yi ruwa, ya warke, ya dawo. Mutane da yawa suna ta shafa maganin miki a fuska, alhali tushen abin haƙori ne.

Ƙanƙara tana cikin abubuwan da ke jawo wannan, tare da busasshen ƙashi, ƙaho, kofato da dutse. Ba wai duk karen da ya tauna ƙanƙara zai karya haƙori ba. Da yawa suna yi shekara da shekaru lafiya. Amma haƙorin babban kare in ya tafi ba ya dawowa, kuma maganinsa biyu ne: a cire, ko a kwashe jijiyar a cike ramin, duka biyun sai an sa shi barci. Na biyun ma ba a ko'ina ake yi ba. A ganina ba dabara ba ce mutum ya yi cacar haƙorin karensa a kan abin da minti biyu na aiki zai kawar.

Likitocin haƙoran dabbobi suna da gwaji mai sauƙi ga duk abin tauna: ka danna farcen babban yatsa, in bai yi shaida ba, ya yi tauri. Dunƙulen ƙanƙara da ya fito daga firiza ya faɗi wannan gwaji. Kuma ƙanƙara tana ƙara tauri ne gwargwadon sanyinta. Wadda ta fito yanzu daga firiza mai digiri 18 ƙasa da sifili ba ɗaya take da wadda ta fara zubar da ruwa ba.

Ga yadda za ka yi. Ka fito da ita ka bar ta ta sha iska na 'yan mintuna, ko ka watsa mata ruwa. Wannan yana rage taurin, yana kuma hana ta manne wa harshe ko leɓe, abin da busasshiyar ƙanƙara mai tsananin sanyi take yi. Sannan ka naɗe ta a tsumma mai tsabta ka daddaka da guduma ko taɓarya har ta zama ɓarɓashi, babban cikinsu kada ya wuce ƙwayar gyaɗa. Ka zuba a kwano, ka ɗan ƙara ruwa. Zai samu sanyin, zai samu ƙarar da yake so a baki, haƙori kuma bai haɗu da abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Hanya ta biyu ita ce akasin wannan: ka yi ta ƙatuwa ƙwarai, wadda ba za ta shiga bakinsa ba. Ka cika roba mai faɗi da ruwa ko sirkakken romo, ka daskarar, ka juye masa a faranti a inuwa. Lasa zai yi ta yi, kuma lasa tana kwantar wa kare da hankali. Sai dai ka sa ido: idan ta narke ta kai girman da zai iya kai ta turamensa, ka ɗauke ko ka farfasa. Idan kuma ka ga shi mai kafa fiƙa ne a gefe yana neman ɓantara, wannan hanyar ba tasa ba ce.

Girman da ya fi haɗari shi ne na tsakiya, wato irin 'yan dunƙulen nan masu kusurwa huɗu na farantin firji. Sun isa a kai su haƙoran ciki a danna, sun kuma isa su toshe maƙogwaron ƙaramin kare.

Hanya ta uku, wadda ta fi kowace sauƙi: ka jefa ƙaton guntu a bokitin ruwan shansa ya riƙa narkewa. In ba mai kamun kifi ba ne da zai tsoma kai ya ciro, an gama.

Mataki na huɗu: lokaci da yawa

Kada ka ba kare ƙanƙara ko ruwa mai yawa a daidai lokacin da ya dawo daga gudu ko farauta yana haki kamar ransa zai fita. Ka kai shi inuwa, ka ba shi ruwa kaɗan-kaɗan, kurɓi kaɗan a huta, har numfashinsa ya daidaita. Bayan nan ya sha yadda yake so.

Wannan ya kawo mu ga wani saƙo da ya daɗe yana yawo a intanet, ya yi tashe sosai a Facebook a 2014, kuma har yau yana dawowa duk lokacin zafi. Saƙon yana cewa ruwan ƙanƙara na sa tumbin kare ya ƙulle ya murɗe har ya mutu. Likitocin dabbobi sun ƙaryata shi tun a lokacin. Ciwon murɗewar tumbi gaskiya ne, kuma yana kisa cikin sa'o'i, amma sanyin ruwa ba shi ke kawo shi ba. Abubuwan da aka danganta da shi su ne girman kare da zurfin ƙirjinsa, gado, tsufa, cin abinci mai yawa sau ɗaya a rana, da haɗama wajen ci ko sha har a haɗiyi iska. Irin su ƙaton karen nan Great Dane da karen 'yan sanda, wato Alsatian, suna cikin waɗanda ya fi kamawa. Kare mai ƙishirwa da ya afka wa bokiti ya shanye a tashi ɗaya yana cikin haɗari, ruwan mai sanyi ne ko mai ɗumi. Ɓarɓashin ƙanƙara ma rage masa saurin sha yake yi, shi ya sa wasu likitoci ke ba da shawararsa ga karen da ya yi amai, don ya samu ruwa a hankali.

Alamun murɗewar tumbi ya kamata kowane mai babban kare ya haddace su: yana ta yunƙurin amai ba abin da ke fitowa sai kumfa, ciki ya kumbura ya yi tauri, ya kasa zama ya kasa kwanciya, yawu na dalala. Wannan aikin tiyata ne, ba a jiran gari ya waye.

Game da yawa, cikin tafin hannu na ɓarɓashi ya ishi matsakaicin kare a zama ɗaya. Wasu karnuka in sun haɗiyi sanyi da yawa a cikin da babu komai sukan amayar da ruwa nan take. In naka haka yake, ka rage, ko ka ba shi bayan abinci.

Mataki na biyar: tsaya ka kalla, yau da kuma kwanakin da ke tafe

Kada ka zuba masa ka shige ɗaki. Ka ga yadda yake yi da ita: mai lasa ne, mai tauna ne, ko mai haɗiya? Wannan kallo na farko shi zai gaya maka wace hanya ta dace da shi.

Kare ba ya kukan ciwon haƙori. Zai ci gaba da cin abinci da karyayyen haƙori, saboda yunwa ta fi ciwon. Alamun da za ka gani ƙanana ne: tauna da gefe ɗaya, abinci na faɗowa daga baki, kawar da kai in ka taɓa fuskarsa, goga baki da ƙafa, ɗigon jini a kwano. Akwai kuma wata alama da ta shafi maganarmu kai tsaye: karen da ya saba rububin ƙanƙara, rana ɗaya ya ɗauka ya saki, ko ya ƙi ruwan sanyi. Sau da yawa jijiyar haƙori ce ta fito. Kada ka ba shi maganin ciwon da ke cikin durowarka. Ibuprofen da diclofenac suna huda tumbin kare su lalata ƙodarsa, farasitamol kuma in ba likita ne ya auna ba yana taɓa hanta. A manyan garuruwa akwai asibitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu, kuma akwai asibitocin koyarwa na likitancin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami'ar Maiduguri.

Idan guntu ya maƙale

In yana tari da ƙarfi, iska na shiga kenan. Ka bar shi ya yi tarin, ƙanƙara narkewa take yi. In kuwa ba sauti, yana fafutuka, harshe ya fara komawa shuɗi, sai a yi sauri. Ƙaramin kare ka ɗaga ƙafafunsa na baya kansa ya kalli ƙasa, ka bubbuga tsakanin kafaɗunsa da tafin hannu. Babba kuma ka tsaya ta bayansa, ka zagaya hannuwanka a cikinsa daidai inda haƙarƙari ya ƙare, ka matsa sama da gaba da ƙarfi sau huɗu ko biyar, ka duba bakin. Kada ka cusa yatsa cikin maƙogwaro kana lalube, za ka iya tura abin ciki, kuma kare a firgice yana cizon ko mai shi.

A nan akwai gargaɗin da ya shafe mu musamman, domin ciwon haukan kare yana nan a ƙasashenmu. Ɗaya daga cikin kamanninsa ba hauka ba ne ko kaɗan: muƙamuƙin ƙasa ya saki, yawu na zuba, kare ya kasa haɗiya, muryarsa ta sauya, kai ka rantse ƙashi ne ya maƙale masa. Mutane sun sha sa hannu a bakin irin wannan kare don su ciro ƙashin da babu shi. Idan ba da idonka ka ga abin da ya haɗiya ba, kuma ba a yi masa rigakafi ba, ko yana fita yawo, kada ka taɓa bakinsa. Ka kulle shi, ka nisantar da yara, ka kira likita. In ya cije ka ko yawunsa ya taɓa rauni, ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka tafi asibiti a ranar. Rigakafin ciwon haukan kare ana fara shi ne daga wata uku, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara.

Lokacin da son ƙanƙara ya zama alama

Karen da ya tashi da son ƙanƙara tun yana ƙarami, hali ne. Wanda bai damu da ita ba sai kwatsam ya fara nema ido rufe, yana lasar jikin kula, yana shanye duk ruwan da ya gani, wannan a bincika.

Ka fara da auna ruwan da yake sha. Kare mai lafiya yana shan kimanin mililita 50 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 20 zai sha wajen lita ɗaya, wato ruwan leda biyu. Zafi, gudu, shayarwa da busasshen abinci suna ƙara wannan. Amma idan a yanayi mai sauƙi yana wuce ninki biyu na haka kullum, yana kuma yawan fitsari, akwai abin dubawa: ciwon sukari, ciwon ƙoda, matsalar hanta. Ga karya wadda ba a cire wa mahaifa ba, ƙishirwa mai tsanani da kasala 'yan makonni bayan ta gama lokacin barbara na iya nufin mahaifa ta tara mugunya, kuma wannan ma ba a jinkirta shi. Aunawar ba wuya: ka zuba ruwan da ka san yawansa da safe, ka auna ragowar washegari, ka yi haka kwana biyu ko uku, ka kai wa likita lissafin. Kada dai ka rage masa ruwa don ka ga yana sha da yawa.

Sai ka duba launin dasashi. A mutane, an san kwaɗayin tauna ƙanƙara yana tafiya da ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini. A kare, abin da aka fi gani tare da ƙarancin jini shi ne cin ƙasa da lasar bango ko siminti. Dasashin kare mai lafiya ruwan hoda ne mai haske. In ka danna da yatsa ya yi fari, launin ya dawo kafin daƙiƙa biyu. In ka tarar da shi fari fat, ka tuna kaska da tsutsar ciki, waɗanda su ne manyan masu shanye jinin karnukanmu, musamman da damina.

Wani karen kuma ba ciwo ke damunsa ba, zaman kaɗaici ne. Karen da ke ɗaure a sarƙa dare da rana zai tauna duk abin da ya samu, har sarƙar da ƙarfen keji, kuma waɗannan sun fi ƙanƙara cin haƙori. Maganinsa a sake shi ya motsa da sassafe ko bayan magariba, a ba shi abin tauna na roba mai lanƙwasuwa.

Ranar da zafi ya buge shi

Guntun ƙanƙara a baki ba ya sauke zafin jikin kare ta yadda zai cece shi. Karen da aka ɗaure a rana, ko aka kulle a kejin kwano, ko aka bari a mota, ƙanƙara ba za ta rama masa inuwa da iska ba. Masu gashi mai yawa irin Caucasian da aka kawo daga ƙasashen sanyi, da masu ƙiba, da masu gajeren hanci, su ne kan gaba wajen faɗuwa.

Alamun bugun zafi: haki ba ƙaƙƙautawa, harshe ya yi faɗi ya yi jajir, yawu mai kauri, tangaɗi, amai ko zawo wani lokaci da jini, sai faɗuwa. Zafin jiki in ya kai digiri 41 gaɓoɓin ciki sun fara lalacewa.

A wannan hali kada ka tura masa ƙanƙara ko ruwa a baki. Wanda hankalinsa ya gushe, huhunsa ruwan zai tafi. Ƙanƙarar a bokiti take da amfani. Ruwan tankin roba da ya wuni a rana da zafinsa yake fitowa, don haka ka nemi na randa, ko ka jefa ƙanƙara a bokitin ya huce. Ka kai karen inuwa, ka riƙa kwara masa ruwan a jiki, wuya, ciki da cinyoyi, wani yana yi masa fifita ko a kunna fanka. An daɗe ana cewa kada a yi amfani da ruwa mai sanyi, amma masu bincike a Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Royal da ke Landan sun nuna cewa saurin sanyaya jiki shi ne ke ceton rai: matashin kare mai lafiya ana iya tsoma jikinsa cikin ruwan sanyi, a bar kansa a waje, tsoho ko marar lafiya ko wanda ya suma kuma a zuba masa ruwa a haɗa da iska. Kada ka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu ko tawul, yana riƙe zafin ne. In kana da ma'aunin zafi, ka dakata da zuba ruwa idan ya sauko wajen digiri 39.5, don kada ya zarce ƙasa. In ya farfaɗo yana iya sha da kansa, ka ba shi kaɗan-kaɗan.

A fara sanyaya shi tukuna, sannan a ɗauke shi zuwa asibiti da tagogin mota a buɗe. Ko da ya miƙe yana kaɗa wutsiya a kai shi, domin illar da zafi ke yi wa ƙoda da jini takan ɗauki kwana ɗaya ko biyu kafin ta bayyana.